Hannun Likita da Zazzaɓin Masu Jego

A wannan wata za mu koyi wani abu daga asibitin birnin Biyana, a ƙasar Ostiriya. A shekara ta 1846 aka ɗauki wani saurayin likita aiki a ɗakin haihuwa na wannan asibiti. Sunansa Ignaz Semmelweis, mutumin ƙasar Hangari ne.

Ɗakunan haihuwa biyu ne a wurin. A na fari likitoci da ɗalibansu ne ke karɓar haihuwa, a na biyu kuwa ungozomai. A ɗaki na fari mata wajen 10 cikin 100 sukan mutu da zazzaɓi bayan haihuwa, amma a na biyu ba su kai rabin wannan ba. Matan gari sun sani. Waɗansu sukan durƙusa suna roƙo kada a kai su wurin likitoci, waɗansu ma sun gwammace su haihu a kan hanya.

Semmelweis ya rasa dalili. Ya sāke yadda mata ke kwanciya lokacin naƙuda, ba abin da ya ragu. Akwai firist wanda yakan ratsa ɗakin da ƙararrawa zuwa wurin masu baƙin mutuwa, aka ce ko tsoro ne ke kashe matan. Ya roƙi firist ya bar kaɗa ƙararrawa, duk da haka mutuwa ba ta tsaya ba.

A 1847 abokinsa, likita Kolletschka, ya sami yanka da wuƙar wani ɗalibi sa'anda suna feɗe gawa. Ya yi ciwo ya mutu, aka kuwa ga alamun da ke jikinsa daidai da na matan nan. Ashe likitoci sukan fito daga ɗakin gawa su tafi duba mata masu naƙuda, ungozomai kuwa ba su taɓa gawa. Mu lura, likitocin nan ba mugaye ba ne, gama ba wanda ya san aikin ƙwayoyin cuta tukuna. Hannun da ya zo taimako shi ne ya kawo ciwon.

A watan Mayu ya ba da umarni kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin kafin ya taɓa mace. A watan Afrilu mata 18 cikin 100 suka mutu. A watan Yuni wajen 2 ne kaɗai.

Da mun zaci za a gode masa. Amma manyan likitoci da yawa suka ƙi, domin yana da wuya mutum ya yarda shi ne sanadin mutuwar wanda yake jiyya. Shi ma bai taimaki kansa ba, gama ya yi jinkirin rubuta littafinsa har 1861, ya kuma riƙa zagin masu musu da shi. Ya mutu a gidan masu taɓin hankali a 1865.

Matsalar ba ta ƙare ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe marasa wadata, cikin majinyata 100 da aka kwantar, wajen 15 sukan kamu da wata cuta a asibitin kansa. Saboda haka idan muna jiyyar ɗan'uwa, mu wanke hannu da sabulu kafin mu taɓa shi da bayan mun taɓa shi. Idan kuma mun ga ungozoma ko ma'aikaci zai taɓa miki ko cibiyar jariri bai wanke ba, mu miƙa masa ruwa da sabulu cikin ladabi.