Ɗalibaina Suna Kwafe Kod Har Da Lambobin Layi



Ni malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata a Zariya. Ranar Asabar nakan tara ɗalibai ina koya musu Python, kuma na buɗe ɗan shafin intanet inda nake zuba darussan da Hausa saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Bayani ba ya ba ni wahala. Nuna kod ɗin shi ne ya zame mini ƙarfen ƙafa.

Da farko hoton allon kwamfutata nake ɗauka. Yana fitowa da launukansa gwanin sha'awa, amma sai yara sun sake bugawa harafi bayan harafi, ga cin data. Na koma liƙa rubutun kai tsaye, sai tazarar da ke gaban layuka ta ɓace, Python kuwa ya ce bai san zancen ba. Wata ma alamar zance ce ta lanƙwashe mata, ta kwana tana neman laifinta. Daga ƙarshe na riƙa rubuta 1, 2, 3 da hannuna a farkon kowane layi don in iya cewa "ku duba layi na 7". Sai suka kwashe har da lambobin, babu wadda aikinta ya tashi.

Ina son launi, ina son lambobin layi, ina kuma son layin da nake magana a kansa ya haskaka. Kusan dukkansu a waya suke karatu. Don Allah a taimaka mini.

Malamar lissafi, Zariya

*

Malama, sannu da ƙoƙari.

Duk wahalhalun nan uku tushensu ɗaya. Kod mutum ne ke karanta shi, amma na'ura ce ke aiki da shi, ita kuwa ba ta san kara ba. Launi da lamba da haske na idon ɗaliba ne. Abin da za ta kwafa dole ya isa ga Python tsirara, yadda kika rubuta shi.

Mu fara daga ƙasa. Burauza takan haɗe duk tazarar da ta jeru ta mayar da ita ɗaya, shi ya sa layukanki suka manne da bango. Maganinsa alamomin HTML biyu ne: `pre`, wadda ke barin tazara da karyewar layi yadda suke, da `code` a cikinta. Lanƙwasasshiyar alamar zance kuwa aikin masu gyaran rubutu ne. Microsoft Word yana yi, WordPress ma yana yi wa rubutun da ke cikin sakin layi na gama-gari, amma ba ya taɓa abin da ke cikin `pre` da `code`. Saboda haka ki riƙa ɗauko kod daga inda kika gwada shi, kada ya yada zango a Word. Akwai wani tarkon kuma: in kika rubuta `a<b`, burauza za ta ɗauka alamar HTML kika buɗe, ta haɗiye abin da ya biyo baya. A cikin kod ki mayar da `<` ta zama `&lt;`, `&` kuma ta zama `&amp;`. A allo za su fito daidai, a kwafa ma daidai.

Sai launi. Manyan kayan aiki biyu ne aka fi ji, duka kyauta. Akwai highlight.js, wanda Ivan Sagalaev ya fara a 2006, akwai Prism, wanda Lea Verou ta fitar a 2012. Na farkon yana iya cankar harshen kod da kansa, sai dai da gangan masu shi suka ƙi sa masa lambobin layi, don a ganinsu cunkoso ne kawai. Mai so sai ya nemo ƙari daga wani waje. Ba na ganin laifinsu gaba ɗaya. Kod mai layi huɗu da lambobi a gefe kamar a sa wa ɗakin kwana lambar gida ne. Amma ke malama ce, kuma shi kansa Python in ya ci karo da kuskure lambar layin yake faɗa. Yarinyar da aka ce mata matsala tana layi na 12 tana buƙatar ta kalli darasinki ta ga 12 ɗin. Don haka Prism nake ba ki shawara.

A shafin sauke shi za ki zaɓi salon launi, ki zaɓi harsuna, ki zaɓi ƙare-ƙare, ya haɗa miki fayil biyu, ɗaya na CSS ɗaya na JavaScript. Nan ne mutane ke haɗama. Ki ɗauki Python, da HTML in za ki koyar da shi nan gaba, ki bar sauran. Gundarin Prism bai wuce kilobayit 2 ba in an matse shi, amma kowane harshe da kika ƙara datar ɗalibarki zai ci. A ƙare-ƙaren ki ɗauki Line Numbers da Line Highlight. Bayan nan kowane kod zai fara kamar haka:

`<pre class="line-numbers" data-line="7"><code class="language-python">`

Kalmar `line-numbers` ce ke kawo lambobi, `data-line` kuma ita ke haska layi. In kin rubuta `3,7-9` a ciki, layi na 3 da na 7 zuwa 9 za su haskaka. Abin da ya sa wannan ya fi lambobin hannunki shi ne ba sa cikin rubutun sam. CSS ce ke ƙirga su tana zana su a gefe, kamar yadda ake buga lambar shafi a littafi, don haka ko ɗaliba ta shafo komai daga sama har ƙasa, ba za su biyo ta ba.

Wani abu da ake yawan mantawa: in tsakiyar fayil kika yanko kika nuna, ki sa `data-start` da lambar da yankin ya fara a ainihin fayil ɗin. In ba haka ba ke kina cewa layi na 4, Python yana cewa na 31, yarinya ta rasa wa za ta bi. Kuma duk ranar da kika ƙara layi a kod, ki koma ki gyara lambar da kika haska da wadda kika ambata a bayani. Ni kaina wannan ya sha kama ni.

Yanzu ga batun waya, wanda a wurina ya fi batun launi nauyi. Layi mai tsawo ko dai ya naɗo ƙasa, ko a ja shi gefe da yatsa. Naɗowa tana ruɗa mai koyo, musamman a Python inda matsayin farkon layi yake da ma'ana: sai ta zaci sabon layi ne. Ki bar shi a ja gefe, wato `overflow-x: auto`, wanda salon Prism ya riga ya zo da irinsa. Amma gyara na gaskiya a wajen rubutu yake. Ƙa'idar PEP 8 ta Python ta tsayar da layi a haruffa 79, allon waya kuwa a tsaye ba ya ɗaukar haka. Ki buɗe shafin a wayarki, ki ƙirga haruffan da suka samu shiga, ki riƙa rubuta misalanki kusa da wannan.

Wajen zaɓen launi kada baƙin bango ya ruɗe ki don ya yi kama da na ƙwararru. Salo da yawa suna disashe bayanan da ake sawa bayan alamar `#` zuwa toka-toka, alhali a wurinki nan ne Hausar take, nan ne darasin. Ma'aunin WCAG ya nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1. Hanya mafi sauƙi, ki fita tsakar gida da azahar ki ga ko yana karantuwa.

Tunda kuma da Hausa kike bayanin, ki tabbata shafin yana kan UTF-8, ki duba yadda ƙ, ɗ da ɓ suke fitowa. Wasu salon haruffa masu faɗi ɗaya ba su da su, sai burauza ta aro daga wani salon, harafin ya fito ya fi 'yan'uwansa faɗi ko tsayi. DejaVu Sans Mono da Noto Sans Mono suna da su, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar.

Kafin ki saki kowane darasi, ki ari wayar ɗaya daga cikin yaran, wadda ta fi kowace tsufa, ki kwafo kod ɗin daga shafin ki liƙa a inda suke gwaji. In ya tashi ba ki taɓa ko harafi ɗaya ba, ki sake shi. In an kwana biyu ki rubuto mini yadda ajin Asabar ya kasance.

Allah ya ƙara basira, a gaida ɗalibai.