Yadda Ƙungiyar Taimakon Al'umma Za Ta Tsare Wayoyinta da Kwamfutarta

A watan Janairun 2022, Kwamitin Red Cross na Duniya ya sanar cewa masu kutse sun kai ga bayanan mutum fiye da 515,000, da yawansu waɗanda yaƙi ko ƙaura suka raba da iyalansu. Ƙungiyoyinmu na Daura, Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu ba su da rumbun bayanai irin wancan. Galibi kwamfuta ɗaya ce, da wayar sakatare, da zauren WhatsApp. Amma a cikinsu akwai sunayen marayu, da lambobin NIN na matan da mazajensu suka rasu, da asusun masu karɓar tallafi. Amana ce aka ba ku, kuma tsaronta ba ya buƙatar kuɗi mai yawa.

Ku fara da ƙidaya. Shugaba da sakatare da ma'aji su zauna su rubuta a littafi: wayoyi nawa ne ke ɗauke da aikin ƙungiya, wa ke riƙe da imel, wa ke da shafin Facebook, wane layi ke karɓar saƙon banki. Abin da ba ku san da shi ba, ba za ku kulle shi ba.

Na biyu, WhatsApp, kuma a ganina nan ce ƙofar da ta fi zama a buɗe. Ɗan damfara zai kira da ladabi, ya ambaci sunan ƙungiyarku, ya ce za a yi taro ta intanet, an turo maka lamba shida, ka karanto masa don a saka ka. Wannan lambar ita ce makullin asusunka. Da zarar ka faɗa, ya ƙwace, ya shiga roƙon membobi kuɗi da sunanka. Maganin: kowane jami'i ya shiga saitin manhajar, sashen asusu, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya zaɓi lambar sirri shida, ba shekarar haihuwarsa ba. Ku yi shi tare a ranar taro, kowa da wayarsa a hannu, domin “zan yi idan na koma gida” ba ta cika yiwuwa ba. Ku leƙa sashen na'urorin da aka haɗa, ku cire wadda ba ku sani ba.

Na uku, a kulle fuskar waya, a kuma sa wa layi lambar sirri. Ɓarawon da ya zare waya a kasuwar Mai'adua layin yake nema, don da shi ake shiga asusun banki. A kula: kuskure sau uku yana toshe layin sai an sa lambar PUK, don haka a adana katin da layin ya zo da shi. Idan rashin wuta ya tilasta kai waya shagon caji, a kashe ta tukuna.

Na huɗu, kalmar sirri: kowane asusu da tasa, doguwa, kamar kalmomi huɗu da ba su da dangantaka. Imel ɗin ƙungiya ma a kunna masa mataki biyu.

Na biyar, kwamfuta. Idan ta nemi sabuntawa, a bar ta ta yi, ko da data za ta ci. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka a sa masani ya duba ko taku za ta ɗauki Windows 11. A guji manhajar sata. Filas ɗin da aka kai shagon buga takardu a bincike shi kafin a buɗe. Na'urar Wi-Fi kuma a canza kalmar sirrin da ta zo da ita, kada a raba wa duk baƙon da ya shigo ofis.

Duk ƙarshen wata a kwafi muhimman takardu wuri biyu: ɗaya a intanet, ɗaya a filas da ke kwana wani gida daban.

Batun kuɗi a yi masa doka a rubuce: ma'aji ba zai tura ko sisi bisa saƙon waya ba, ko daga shugaba ne, sai ya kira lambar da ya sani ya ji muryarsa. Wanda ya bar muƙami, a canza kalmomin sirri ranar da ya miƙa takardu. Ba zargi ba ne, ƙa'ida ce.

Idan tsautsayi ya faɗa, a kira banki nan take, a sanar da membobi ta kira, a sake yi wa WhatsApp rajista da layin, wanda hakan zai fitar da ɓarawon. Idan bayanan mutane sun fita kuma suna iya jawo musu illa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya cikin awa 72. Lambar bankinku ta gaggawa a rubuta ta yau a shafin farko na littafin ƙidayar nan.