Hisabin Shekarar Yunwa: Abin da 2005 Ta Bar wa Muridi a Ƙasar Adar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waliyyan Allah baki ɗaya.

Bayan haka, Hausawa suna da al'adar raɗa wa shekarar wahala suna. Yunwar 1913 zuwa 1914 ana kiran ta Kakalaba. Ta 1984 mutanen Nijar suka sa mata El-Buhari, domin ta zo daidai lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hatsi ya daina ƙetarowa. Ta 2005 kuwa, da yawa suna tuna ta da farar da ta sauka a daminar da ta gabace ta. Galibin irin wannan tuni yana nuna yatsa ne waje, ga fara, ko ga sama, ko ga mai mulki, kuma babu laifi, haka ɗan Adam yake riƙe tarihi. Sai dai muridi yana da sauran aiki bayan an gama raɗin suna, shi ne abin da malaman tasawwufi suke kira muhasaba, wato mutum ya zaunar da ransa ya tuhume shi tun kafin a tuhume shi. Shehu Harisu al-Muhasibi, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 243 bayan Hijira, daga wannan ɗabi'a ya samo laƙabinsa. Tambayar muhasaba ita ce: da shekarar ta matse, me ya fito daga wannan zuciya da wannan hannu?

Tama gari ne a gundumar Buza, cikin jihar Tawa, a ƙasar Adar mai duwatsu da kwaruruka, inda noman tudu ya rataya ga ruwan wata uku ko huɗu. A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, sa'an nan farar da ta taso daga hamada ta sauka a kan abin da ya rage, ta haɗa har da ciyawar dabbobi. Hukuma ta ƙiyasta giɓin hatsi na ƙasa baki ɗaya da kimanin tan dubu 223. Adadi ne mai yawa, amma bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ƙasar take ci a shekara ba. Abin da ya durƙusar da gidaje a Buza da Keita da Madawa shi ne farashi. Buhun hatsi mai kilo 100, wanda a wancan zamani, a shekarar lafiya, ake saye wajen jika goma da kaka, ya doshi jika talatin a wasu kasuwanni a watan Yulin 2005. A daidai wannan lokaci dabbobi suka rame, kuɗinsu ya faɗi, sai magidanci ya sayar da awaki biyu ko uku kafin ya samu abin da ɗaya take kawowa a da. Mata suka koma jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, ana dafa tafasa da sauran ganye ana ba yara. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyoyi a Maraɗi da Dakoro da Keita da Tawa, kuma a shekarar ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani. Rabon abinci kyauta ga jama'a bai kankama ba sai a watan Agusta.

Abu guda ya kamata ɗan'uwa ya riƙe daga wannan labari, domin a kansa sauran darasin ya ginu: hatsi bai yanke a kasuwa ba. Ana ganin buhuna a jibge, mai yunwa yana wucewa ta gabansu. Idan haka ne, to jarrabawar ba ta tsaya tsakanin bawa da sama kawai ba, ta shiga tsakanin maƙwabci da maƙwabci, tsakanin mai rumbu da marar rumbu, kuma sau da yawa su biyun suna zama a da'ira ɗaya wajen wazifa.

A nan ne hisabin ya fi nauyi. Akwai wanda ya sayi hatsi da kaka lokacin da talaka yake karyar da shi don biyan haraji ko bukin aure, ya rufe a ɗaki, yana kallon farashi yana hawa, kuma kowane hawa yana jin sanyi a ransa. Wannan sanyin shi ne abin tuhuma. Malaman fiƙihu sun yi bayanin ɓoye abinci a lokacin da jama'a suke cikin buƙata, sun hana shi, har suka ba shugaba ikon tilasta wa mai shi ya fitar. Amma tun kafin a kai ga alƙali, mai suluki ya san cewa zuciyar da take murnar tsada ba ta cikin halin da za ta amfana da istigfari ɗari na safe da na yamma. Akwai kuma bashin nan da a wasu wurare ake kira falle: a ba mutum dami ɗaya da bazara, ya biya biyu da kaka. Wannan riba ce tsagwaronta, ko da an lulluɓe ta da sunan taimako. Wanda ya fi shi wayo shi ne mai ba da kuɗi tun hatsi yana gona, a yanke masa farashin da kowa ya san na wulaƙanci ne. Mai yiwuwa ya samu malamin da zai nuna masa fuskar halasci, tunda shari'a ta yarda da cinikin biya kafin karɓa bisa sharuɗɗansa. To amma fatawa tana auna zahirin ciniki ne, shi kuwa tsantseni yana duba fuskar wanda ya miƙo hannu, ya ga ko da zaɓinsa ya yarda ko kukan yaro ne ya koro shi.

Sakamakon wannan bashi ya bayyana bayan yunwar. Daminar 2005 ta yi kyau ƙwarai, amma gidaje da yawa ba su ga albarkarta ba, domin an auna amfanin gonar tun a masussuka an kai wa masu bin bashi. Wasu sun riga sun jinginar da gona, wasu sun sayar da akuyar ƙarshe. Da ƙarancin abinci ya dawo a 2010, ya tarar da su ba su miƙe ba. Ga irin waɗannan gidaje, shekarar wahala ba ta ƙare da saukar ruwa ba, kuma wanda yake riƙe da bashinsu shi ne yake riƙe da ƙarshenta. Duk ɗan'uwan da har yau akwai gonar wani a hannunsa tun jinginar waccan shekara, wannan magana tasa ce.

Shi ma marar rumbu yana da nasa hisabin, ko da yake ya fi sauƙi, kuma bai kamata a yi masa shi da kakkausar murya ba. An ba da labarin magidanta, musamman a yankin Maraɗi, da suka kulle rumbu suka tafi biɗa, suka bar mata da yara su nemi abin da za su ci. Suna da hujjarsu: in an cinye tun rani, da me za a yi shuka, da wane ƙarfi za a riƙe hauya? Kuma ita biɗar, Adarawa sun san ta fiye da kowa, kuɗin Abijan da Legas ya tsayar da gidaje masu yawa. Amma ciyar da iyali wajibi ne, makulli kuwa amana ne, kuma matar da aka yarda da ita a kan 'ya'ya bai dace a ƙi yarda da ita a kan tiya ba. Sai kuma kunya. Akwai gidajen da suka ɓoye yaro mai tamowa har ƙafafunsa suka kumbura, don kada a ce gidan wane babu abinci, wasu ma suna kiran wannan haƙuri. Haƙurin da malamai suka siffanta shi ne kame zuciya daga fushi da hukuncin Allah, da kame harshe daga kai ƙarar Ubangiji wurin bayinSa. Bai hana mutum ya faɗi buƙatarsa ga wanda zai iya biya masa ba, balle ya hana goya yaro zuwa wurin likita. Abin da ya hana wasu fita girman kai ne da ya ari rigar haƙuri, kuma nafsu ta ƙware wajen irin wannan aro.

Akwai wata magana da ake buƙatar a gyara a tsakanin ikhwani. Littattafan ɗariƙa sun yabi yunwa. Imamu Ƙushairi ya ware mata babi a Risalarsa, Imamu Gazali ya yi dogon bayani a Ihya'u game da karya sha'awar ciki. Saboda haka akan samu mai wa'azi, cikinsa cike, yana gaya wa mayunwata cewa suna cikin ni'imar waliyyai. Wannan kuskure ne babba. Yunwar da shehunnai suka yaba ita ce wadda baligi mai lafiya ya zaɓa wa kansa, da ma'auni, ƙarƙashin kulawar shehin tarbiyya, kuma abincin da ya rage yakan tafi ga wanda ba shi da shi. Yunwar da take busar da nonon uwa kuwa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi tsarin Allah daga yunwa. In mai abinci yana son ya ɗanɗani ladan yunwa a shekarar fari, hanyarsa a buɗe take: ya rage tukunyar gidansa ya tsallakar da ragowar ta kan danga.

Haka Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya yi a Shekarar Toka, ta 18 bayan Hijira, lokacin da fari ya kama ƙasar Hijaz wajen wata tara, ƙauyawa suka kwararo Madina. Ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai jama'a sun samu, ya dawwama a kan gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya canja. Ya rubuta wa gwamnoninsa, ayarin abinci ya zo daga Sham da Masar. Ya jinkirta karɓar zakka a shekarar, bai yanke hannun wanda yunwa ta sa ya yi sata ba. Kuma ya fita roƙon ruwa, ya yi tawassuli da Sayyidina Abbas, baffan Annabi. 'Yan'uwa sun haddace wannan yanki na ƙarshe, suna kafa hujja da shi a wajen muhawara, kuma hujja ce ingantacciya. Sai dai wanda ya ɗaga hannun nan shi ne dai wanda ya ɗauki garin alkama a bayansa yana kai wa mabuƙata, ba a raba rabin labarin a bar rabi.

Game da tawakkali, ƙasar Adar da kanta ta isa malami. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogonyaro a kwarin Majiya, a yankin Buza, don karya iskar da take kwashe ƙasar gona. A shekarar 1984 aka buɗe babban aikin Keita da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO, inda aka yi ta jera duwatsu a gangara, ana haƙa ramukan tare ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa a fako. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, ana biyan su da abinci, mazan sun tafi biɗa. Wannan aiki bai hana 2005 zuwa ba, ba kuma zai hana wata zuwa ba, domin ruwa yana hannun Mai shi. Amma gonar da ke bayan layin itatuwa da wadda ke fili tsirara ba sa fita daga shekarar fari da hali ɗaya. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya fi kowa a zamaninsa sanin cewa arziki na Allah ne, shi ne ya tsara ajiyar shekara bakwai, har da dabarar barin hatsi a zangarniyarsa don kada ya lalace, dabarar da manomin Tama yake yi har gobe in ya jera damma a rumbu. Mai barin sababi yana cewa ya dogara ga Allah, ya duba da kyau, sau da yawa a kan rumbun ɗan'uwansa ya dogara.

Saura abin da zawiya za ta yi a matsayinta na jama'a. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'ariyawa, ƙabilar Abu Musa, saboda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da kowa yake da shi a mayafi ɗaya, su raba daidai da ƙwarya ɗaya, har ya danganta kansa da su. Zawiya ta fi kowace hukuma sanin gidajen gari. Muƙaddami ya san wanda ya daina zuwa wazifa don ba ya iya tsayuwa, ya san gwauruwar da hayaƙi bai tashi a gidanta ba kwana biyu, tun wata da watanni kafin motar agaji ta iso. Lokacin amfani da wannan sani shi ne kaka, sa'ad da hatsi yake da araha. Wanda amfanin gonarsa ya kai nisabi, wato wusuƙi biyar, ya fitar da ushirinsa tun a masussuka, ɗaya cikin goma a noman ruwan sama, ɗaya cikin ashirin a noman ban ruwa, ya isar ga masu haƙƙi. Bayan zakka, ikhwani su yanka wa kansu tiyoyin sadaka gwargwadon hali, a zuba a rumbun tsimi na zawiya, a sa amintattu biyu ko uku a kan makulli, a rubuta abin da ya shiga, kada a buɗe sai bazara ta yi nisa. Wanda aka ranta wa tiya goma ya mayar da goma, wanda ya kasa a yafe masa, kuma a kai masa da dare, ba a gaban da'ira ba.

Allah Ya jiƙan yaran da suka rasu a waccan shekara, Ya sanya su masu ceton iyayensu, Ya ba ƙasar Adar damina mai albarka. Amin.