Shawara ga Sabon Bakanike a Kan Sayen Kayan Aiki

Wani saurayi daga Maruda ta ƙasar Gwandu, wanda maigidansa ya yaye shi bayan ya ƙare koyon kanikanci a Birnin Kabi, ya aiko mana da takarda yana neman shawara. Ya ce 'yan'uwa sun haɗa masa ɗan jari, yana kuma nufin kafa rumfarsa a gida. Sai dai ya ga wani babban akwatin kayan aiki a kanti, mai ƙyalli, an jera sifanoni da soket sun fi ɗari a ciki, kuɗinsa kuwa daidai da abin da ke hannunsa, ya rasa ko ya saya ko ya dakata.

To ɗana, amsar a taƙaice ita ce ka dakata. Amma da yake hani ba tare da hujja ba bai cika zama a zuciyar samari ba, bari mu bi al'amarin daki-daki.

Abin da ya wajaba ka fara yi, tun kafin ka kwance bakin aljihu, shi ne ka zauna a bakin hanyar garinku ka dubi abin da ke wucewa, domin kuwa ƙarfen da ke bin hanyar shi ne zai yanke hukunci a kan irin sifanar da za ta ciyar da kai, ba sha'awarka ba, ba kuma zaƙin bakin mai kanti ba. Wanda ya san tsakanin Gwandu da Kambaza da Dalijan, ko ya tsaya a mararrabar Kalgo ya ga masu nufar Jega da masu nufar Bunza da Kamba, ya san galibin abin hawan mutanenmu babura ne irin su Bajaj, da Keke Napep, da tsofaffin Golf na haya, da Toyota iri-iri, sa'an nan manyan motocin da ke jigilar albasar Aliero da shinkafa. Tun kuwa da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kabi cikin watan Nuwamba na 2015, noman rani ya ƙara bunƙasa a jihar, injin ban-ruwa ya yawaita, kuma manomin da injinsa ya ƙi tashi alhali shuka na jin ƙishi ba zai tambaye ka ko kai bakaniken mota ne ko na inji ba, gabanka kawai zai dire shi.

Hikimar wannan dubawa ita ce, kowace ƙasa da lambobin da maƙeranta suka saba da su. Motoci da baburan Japan, da waɗanda aka kwaikwaya daga gare su a Sin da Indiya, galibin notinsu lamba 8 ne, da 10, da 12, da 14, da 17, da 19, har ma kana iya kwance rabin injin Toyota ba ka nemi lamba 13 ba. Alhali kuwa a jikin Golf ta Jamus lamba 13 ce kan gaba, haka ma Peugeot ta Faransa, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ita kuma takan ƙara maka da buƙatar lamba 11. Golf ɗin nan bugu da ƙari tana da kusoshi masu rami a ka, waɗansu na alanki, waɗansu masu siffar tauraro, waɗanda ba abin da ke kwance su lami lafiya sai makullinsu. Idan ka ƙidaya za ka ga lambobin da za ka riƙa ɗauka kullum ba su wuce goma ba. Sauran abin da ke cikin wancan akwati, ka biya kuɗinsa ne domin ya kwanta yana tsatsa.

Akwai kuma wani tarko da ya kamata ka sani, musamman idan za ka sayi na gwanjo. Tsofaffin kayan da suka zo tare da motocin Ingila na zamanin da, irin su Bedford da Land Rover, da waɗanda ake kawowa daga Amurka, da yawansu awon inci ne, ba na milimita ba. Rabin inci milimita 12.7 ne, saboda haka sifanar lamba 13 takan hau notin rabin inci da ɗan sako-sako, mai gaggawa ya ce ai ta shiga. Sai ya danna da ƙarfi, ta zame, ta cinye kusurwoyin notin ya koma kamar ƙwallon goruba, aikin minti biyar ya zama na yini guda da kurfi da guduma. Ka karanta lambar da aka buga a jikin ƙarfen kafin ka biya.

Game da inganci kuwa, magabata sun riga sun gama magana da suka ce araha ba ta ado. Rubutun da ake bugawa a jikin sifana cewa da ƙarfen kurom da banadiyam aka ƙera ta, ko sunan wani kamfani mai daraja irin Gedore ta Jamus ko Facom ta Faransa, ba shi kaɗai ne shaida ba, domin masu algus ma sun iya buga haruffa. Shaidar da ba ta ƙarya ita ce ka tafi kasuwa da sabon noti a aljihunka, na 10 da na 14, ka sa sifanar a kansa ka girgiza: ta kirki takan zauna daram, ta jabu kuwa tana rawa. Ka dubi bakinta ko ya buɗe, ka dubi fatar ƙyallin ko ta fara ɓarewa, gama wadda ke ɓarewa tun a kanti gobe yatsunka za ta yanka. A ganina tsohuwar sifana ta asali wadda ta sha aiki ba ta buɗe baki ba ta fi sabuwa mai walƙiya wadda ba a san asalinta ba, kuma irin waɗannan ana tsintarsu a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, ga mai haƙurin tonon tarin ƙarafa. Sai dai ka kiyayi wanda zai tare ka a bayan gareji da sifanoni uku a cikin riga yana neman kuɗin abinci; sau da yawa akwatin wani maigida aka sassaƙa, kuma sayen kayan da ka kyautata zaton na sata ne bai halatta ba, balle a ce da shi za ka aza harsashin sana'a. Idan kuwa ka sayi sabo, ka yi sharaɗi da mai kanti a gaban shaida cewa in aibi ya bayyana za ka mayar, wannan haƙƙi ne da shari'a ta ba mai saye.

Tertibin sayen shi ne ka fara da sifana mai baki biyu, gefe ɗaya buɗaɗɗe, ɗaya zobe, a lambobin nan da muka ambata, kana ka riƙe ƙa'idar cewa da zoben ake karya ƙarfin noti, buɗaɗɗen bakin na ƙarasa warwarewa ne kurum. Lamba 10 ka sayi biyu ko uku, domin babu bakaniken da ba ta taɓa ɓace masa ba. Daga nan sai soket masu kusurwa shida a ciki, waɗanda suka fi masu goma sha biyu riƙe tsohon noti, tare da doguwar mariƙa mai ƙarfi ta rabin inci. Sai sifanar fulogi ta 16 da ta 21, wadda ta biyun ita ce ta mafi yawan injinan ban-ruwa. Sai sukudireba fulat da sita, manya da ƙanana, da filaya, da guduma, da saitin alanki. Mai yawan aikin babur kada ya yi jinkirin sayen sukudireban nan da ake dukan gindinsa da guduma, gama shi ne maganin kusoshin murfin inji da suka cije. Mariƙa mai ƙararrawa kuwa, wadda samari ke so saboda saurinta, kada ka zura mata bututu don ƙarin ƙarfi. Haƙoranta ƙanana ne, nan take za su zube.

Abu guda mai tsada da nake ganin ya cancanci a yi masa tanadi tun daga ribar farko shi ne sifana mai awon ɗauri. Kan injin motocin yanzu na alminiyam ne, kuma kamfani ya ƙayyade wa kowace kusa gwargwadon ƙarfin da za a ɗaure ta da shi da kuma jerin da za a bi. Wanda ya ɗaure da ƙiyasin damtse, ko dai ya tsinke kusa, ko ya bar gasket yana yoyo har ruwa ya haɗu da baƙin mai, sa'an nan mai mota ya dawo da fushi. Kafin ka mallake ta, ya fi maka alheri ka tura aikin kan inji wurin wanda yake da ita.

Jak kuma, a ƙasa mai rairayi irin tamu, ba a kafa shi sai a kan katako mai kauri, kuma ko da wasa kada ka shiga ƙarƙashin mota tana bisa jak kaɗai, sai ka tokare ta da tsayayyen ƙarfe ko gungumen icce, ka kuma sa wa tayoyin dutse.

Saura maganar aro, wadda ita ce ke cinye akwatin bakanike fiye da ɓarawo. A ƙauye kowa ɗan'uwa ne, kuma kawunka ko abokin wasanka zai aiko yaro ya karɓi lamba 12 ya ɗaure sarƙar babur, kunya ta hana ka bi sawu, bayan wata uku ka tarar saitinka ya zama giɓi-giɓi. Malamanmu na Gwandu da ke karantar da Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani sun san hukuncin mazhabar Malikiyya a nan: wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa, irin sifana, idan ya ce ya ɓata, biya ya hau kansa sai fa in ya kawo shaida, haka kuma mai sana'a shi ne lamunin kayan mutane da ya karɓa ya tafi da su. Ashe ke nan hukuncin ya shafe ka ta fuska biyu, kana bin wanda ya ari naka, ana kuma binka kafiretar da aka bari a hannunka. Dabarar da ba ta ɓata zumunci ita ce ka ware 'yan sifanoni masu araha domin aro, na kirki kuwa ka ce wa mai nema, "Kawu, a turo babur ɗin nan in ɗaure da hannuna."

Ka sa wa kowane ƙarfe naka alama da magagari ko fenti. Ka sami allon katako ka kafa ƙusoshi, ka zana siffar kowace sifana a inda take rataye, ta yadda kafin kiran magariba kallo ɗaya zai nuna maka wadda ba ta dawo ba. Lokacin aiki ka shimfiɗa buhu ko tire, kada noti ya faɗa rairayi ya shiga inji da tsakuwa. Da damina ka riƙa goge su da tsumma mai ɗan baƙin mai kafin ka rufe akwati, da hunturu kuwa ka wanke mariƙa mai ƙararrawa da kananzir ka ɗiga mata mai kaɗan, ba giris mai kauri ba, domin giris ƙura yake tarawa har haƙoran su daina kamawa.