YADDA ZA MU KARANTA MISALAN YESU, MU KUMA KOYAR DA SU

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantu, kowa ya tsaya gaban aji. Da yawa cikinmu za a danƙa musu darasin Littafi Mai Tsarki, abin da malami ya kan fara ɗauka kuwa shi ne misalai, don yara suna son labari. To, a nan haɗarin ya ke. In ba mu yi hankali ba, sai yaro ya ji misalin Yesu kamar yadda ya ke jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a dandali, ya haddace shi saboda jarrabawa, ya tashi bai ɗauki kome ba. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta ɗan abin da na koya, ko zai yi wa wani amfani.

Littattafan Bishara

Da fari sai mu san inda misalan su ke. Littattafai huɗu na farkon Sabon Alkawari su ne Matta, mai sura 28, da Markus, mai 16, da Luka, mai 24, da Yohanna, mai 21. Ana kiransu Bishara, ko kuwa Linjila. Kalmar Linjila ta zo mana ta hanyar Larabci, amma asalinta Helenanci ne, watau harshen Girkawa, ma'anarta kuwa labari mai daɗi. Da Helenanci aka rubuta su duka, ko da ya ke Yesu da Aramiyanci ya ke wa jama'a magana. Mu kuwa, a 1932 ne aka buga mana dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Yawancin masana sun ce Markus aka fara rubutawa, wajen shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, sa'an nan Matta da Luka, waɗanda su ka yi amfani da Markus, kana Yohanna wajen ƙarshen ƙarnin farko. Ukun farko sun yi kama da juna ƙwarai, a cikinsu kuma misalan su ke, wajen talatin zuwa arba'in, gwargwadon yadda mutum ya ƙidaya. Yohanna yana da kwatanci irin na makiyayi da na itacen inabi, amma ba shi da misalai masu labari. Wanda ya ke son ya fara, sai ya buɗe Markus sura 4, da Matta sura 13, da Luka sura 15.

Mene ne misali?

Kalmarmu misali daga Larabci ta ke, 'yar'uwa ce kuma ga kalmar Ibrananci mashal, wadda ta ƙunshi karin magana, da kacici-kacici, da labarin kwatanci. Tun kafin Yesu annabawa suna aiki da shi. Sa'ad da Sarki Dawuda ya ɗauke matar Uriya, annabi Natan bai shiga fada da tsawa ba. Labari ya ba shi na wani attajiri da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta wani matalauci. Dawuda ya husata, ya yanke wa attajirin hukunci, sa'an nan Natan ya nuna masa kansa ya yanke wa (2 Sama'ila 12). Abin da mu ke kira hannunka mai sanda ke nan. Tatsuniya ta kan ƙare da ƙurunƙus, kowa ya tafi barci. Misali kuwa ba ya ƙarewa sai mai ji ya yi shari'a, ya tarar shari'ar ta faɗa kansa.

Tambayoyi uku

Kafin in koyar da kowane misali, na kan yi wa kaina tambayoyi uku.

Ta fari, wa aka faɗa wa? Ku duba misalin ɓatacciyar tunkiya, inda mai tumaki 100 ya bar 99 ya tafi neman ɗaya. A Luka 15 Farisiyawa da malaman Attaura ne su ke gunaguni don Yesu yana ci tare da masu zunubi, misalin ya zama amsa gare su. A Matta 18 kuwa almajirai ya ke yi wa gargaɗi kada su raina ƙanana. Labarin ɗaya ne, amma inda ya nufa ya bambanta. Saboda haka kada mu fara karatu daga ayar da labarin ya soma, mu koma baya kaɗan mu ga su wa ke zaune.

Ta biyu, me masu ji na fari su ka sani wanda yaranmu ba su sani ba? Mu ɗauki Basamariye mai tausayi (Luka 10:25-37). Daga Urushalima zuwa Yariko wajen mil 17 ne, gangara ce ta fiye da ƙafa 3,000 cikin duwatsu da hamada, maɓoyar 'yan fashi. Tsakanin Yahudawa da Samariyawa kuwa akwai tsohuwar gaba. Samariyawa suna sujada a Dutsen Gerizim, wani shugaban Yahudawa kuma ya rushe musu haikalinsu na can fiye da shekara ɗari kafin haihuwar Almasihu. Dinari biyun da Basamariyen ya ba mai masauki kuɗin ƙwadagon kwana biyu ne. In yaro bai san waɗannan ba, zai ɗauka Basamariye sunan mutumin kirki ne kawai.

Ta uku, ina wurin da labarin ya juya? Masanin Attaura ya tambaya wane ne maƙwabcinsa, yana so a shata masa iyaka. Firist ya wuce, Balawi ya wuce, sai wanda aka ƙi jini shi ya tsaya. Daga ƙarshe Yesu ya juya tambayar, ya ce a nuna wanda ya zama maƙwabci ga wanda aka sassara. Ku lura, masanin bai ambaci sunan Basamariye da bakinsa ba, sai ya ce wanda ya yi jinƙan. Haka kuma a Matta 20, mai gona ya biya waɗanda su ka shiga aiki bayan la'asar dinari guda, daidai da waɗanda su ka sha rana tun asuba. Na taɓa ba 'yan aji huɗu wannan labari, sai wani yaro da ya saba bin ubansa ƙwadago ya miƙe ya ce, "Malam, ai an cuci na safe!" Na yi murna, gama ya isa daidai inda misalin ya ke so ya kai shi. Daga nan mu ka bincika ko an rage wa na safen wani abu cikin jingar da aka yi da su, mu ka ga ba a rage ba, alherin da aka yi wa wani ne ya ke ci musu rai.

Abin da za mu kiyaye

Akwai jarabar neman ɓoyayyar ma'ana ga kowane abu cikin labari. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu a ke kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya ce mutumin da aka yi wa fashi Adamu ne, masaukin ikkilisiya ce, mai masaukin kuma manzo Bulus. A ƙarshen ƙarni na 19 wani masani Bajamushe, Adolf Jülicher, ya ƙi wannan hanya, ya ce misali manufa ɗaya ya ke da ita. A 1935 C. H. Dodd na Birtaniya ya ƙara da cewa a karanta su bisa wa'azin Yesu na Mulkin Allah. Gaskiya ne a Markus 4 an fassara misalin mai shuka dalla-dalla. Ni dai a ganina, inda Littafin ya fassara mu bi shi, inda ya yi shiru kada mu ɗora wa jakin Basamariye kayan da ba nasa ba.

Shawarata ga aji ita ce, ka ba da labarin da bakinka kafin a buɗe littafi. In ka zo wurin juyawa ka tsaya, ka tambayi yara abin da su ke tsammani zai faru. Kada ka yi gaggawar rubuta darasin a allo, bari su yi shari'ar da kansu. Ka kuma tuna a ajinka akwai 'ya'yan kabilu dabam dabam, wataƙila har da waɗanda iyayensu ba sa ga maciji da juna. Kowane yaro ya san Basamariyen garinsu, kada ka kama sunan kowa.

Ga aikin gwaji: ku karanta misalin ɓataccen ɗa (Luka 15:11-32), ku yi masa tambayoyin nan uku, ku kuma duba dalilin da ya sa ba a gaya mana ko babban wan ya shiga gidan biki ba. Allah ya ba mu hikimar koyarwa.