Ganyen albasata yana bushewa

Tambaya: Ina noman rani a ƙasan madatsar Goronyo. Ganyen albasata yana yin fari-fari, yana bushewa daga sama. Na ƙara taki bai hana ba. Ina mafita?

Amsa: Malam, Allah ya kawo sauƙi. Dakatar da takin tukuna, domin yawan yuriya yana sa ganye ya yi taushi, ƙwari su ji daɗinsa.

Da sassafe ka buɗe wuyan albasar, inda sabon ganye ke fitowa. In ka ga ƙananan ƙwari rawaya suna gudu, su ne ke tsotse ruwan ganyen, kuma sun fi ƙarfi idan zafi ya shigo. Daka rabin kilo na ƙwallon dogonyaro, jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, tace, zuba ɗan sabulu. Fesa da yamma duk mako, ka tabbata ya shiga cikin wuyan, can suke ɓoyewa.

In kuwa tabo ne dogo mai launin shunayya, cutar danshi ce, dogonyaro ba zai wadatar ba. Cire ganyen da ya kamu ka ƙone, ka rage ban ruwa, ka fesa mancozeb yadda takardarsa ta ce. Baɗi kada albasa ko tafarnuwa su koma wannan fili.

Ina roƙonka ka guji maganin da ake ɗurawa a kwalba babu suna, babu lambar NAFDAC. Kai ganyen ga malamin gona ya gani kafin ka kashe kuɗi.