Allurar Zafin Inji Ta Kwanta? Kada Ka Yi Murna Tukuna

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a garejojin Kwangila da ke Zariya, daga gindin gada har hanyar Samaru, wai tamostat na ƙasar sanyi ne. Da an shigo da mota daga Kwatano, tun ba a yi mata lamba ba, sai ka ji bakanike ya ce, "Alhaji, bari a cire maka wannan, a haɗa fanka dairek." Alhaji ya biya, ya ga allura ta lafe a kan C tun daga Zariya har Kwanar Dangora, yana ta sa wa yaro albarka.

Alhaji, ba gyara aka yi maka ba. An ƙera inji ne ya yi aiki da zafinsa, wajen digiri 90. Tamostat ɗin Toyota da yawa a 82 yake buɗewa, na Golf kuwa wajen 87. Sababbin motocin da ake sayarwa a Saudiyya da Dubai, inda rana ba ta kasa ta Sakkwato ba, duk da tamostat ɗinsu suke fitowa. In aka cire shi, ƙwaƙwalwar mota za ta daɗe tana zaton inji bai ɗumama ba, ta yi ta zuba fetur, fulogi ya yi baƙi, man inji ya tsinke. Wanda ke sayen mai a farashin da ake ciki tun 2023 bai kamata a yi masa dogon bayani ba. Mafi muni kuma, ka rasa inda allurarka take tsayawa in lafiya lau, to yaya za ka gane ranar da ta kauce?

Idan allura ta ƙi tashi, ko tana rawa, ko ta haye sama da sassafe inji na sanyi, abin da za a fara rabewa shi ne: allura ce ke ƙarya, ko gaskiya take faɗa? A jona na'urar bincike a ga digirin da ƙwaƙwalwa ke karantawa. In ta ce 90 allura na ƙasa, laifin yana tsakanin sensa da waya da mitar kanta. In ita ma ta ce 60 bayan doguwar tafiya, allura ba ta da laifi, a nemi tamostat. In na'urar ta nuna lambar P0128, ita ma can take nuni.

A tsofaffin motoci masu sensa mai waya ɗaya, zare wayar, kunna makulli, ka ɗan taɓa ta a jikin inji. Allura ta zabura zuwa H? To mita da waya lafiyarsu ƙalau, sensa ce ta mutu. Taɓawa na ce, ba riƙewa ba, kada ka ƙona mitar. Sensar ƙwaƙwalwa kuwa da mitar gwajin lantarki ake auna ta: yawanci om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80. Masu Golf su lura, sensarsu mai ƙafa huɗu biyu ce a haɗe, rabi na iya mutuwa rabi na aiki. Sau da yawa ma tsatsa ce kawai, ka zare soket ka tarar bakinsa ya yi kore shar. Buɗe dashbod shi ne na ƙarshe, amma wasu masu wayarin da shi suke farawa don aiki ya yi kuɗi.

Direbobin tasha, ku nake so ku saurara. Allura ta hau ja, can kuma sai ta faɗo da kanta, sai ka ce alhamdulillahi ta huce, ka ƙara taka totur don ka riski Kano kafin magariba. Ba hucewa ta yi ba. Ruwa ne ya ƙare, sensa ta koma tana auna iska. A daidai lokacin ne gasket ke ƙonewa, kan silinda ya lanƙwashe. Sauka gefen titi ka kashe mota, ko fasinja za su cinye ka da surutu. Kada ka taɓa murfin lagireto sai an yi aƙalla rabin awa, domin ruwan cikinsa a matse yake, ya wuce digiri 100, fuska yake nema. Kada kuma yaron mota ya yi ta fasa fiya wata yana sheƙa wa inji. Ƙarfe mai zafi in ya sha ruwan sanyi tsagewa yake yi.

In an canza sensa, a sa sabuwar roba, a fitar da iskar da ta maƙale a tiyo, in ba haka ba allura za ta ci gaba da rawa a ce sabuwar ma jabu ce. A cika da ruwan lagireto na galan, ba na rijiya ba, don na rijiya ne ke barin dattin da ke lulluɓe kan sensa. Sannan a bar mota a kunne har fanka ta ɗauka da kanta ta kuma tsaya, kafin a biya kuɗin aiki.